Takobin Katako Mai Sunan Ben

Tun kafin jirgin ruwan ya gama jingina da gaɓar Suva, Peniasi ya gama tuɓe kansa. Ya kwance agogonsa ya cusa cikin safa, ya bi shi da sarƙar wuya da zoben aure, ya cusa safar cikin takalminsa mai kyau, ya tura takalmin can ƙarƙashin gado. Ya zaro rigar da yakan sa in zai yanke ciyawar gidansu a Brisbane, da silifas ɗin wanka, da wata malafa mai faɗin baki, da baƙin tabarau na roba wanda aka raba wa fasinjoji kyauta. Walat ɗinsa ma ya miƙa wa matarsa.

Narelle ta dube shi sama da ƙasa. Baturiya ce mai fara'a, ma'aikaciyar jinya, kuma ita ta nace sai sun yi hutun bana a wannan jirgin.

"Ben, garinku ne fa. Haka za ka fita kamar wanda aka kira gyaran famfo? Ina zoben?"

"Yatsana na kumbura da zafi," in ji shi. "Kuma akwai ɓarayi."

Ba ɓarayi yake tsoro ba. Ɓarawo ana yi masa ihu. Abin da yake tsoro shi ne kerekere: ɗan'uwa ya dubi abin da ke jikinka, ya yi murmushi, ya roƙa, kai kuwa ba ka da bakin cewa a'a. Zuwansa na ƙarshe, shekaru da dama da suka wuce, ya shigo garin da akwatuna cike, ya fita da zanen aro da takalmi wari da wari. Hutun gaba ɗaya ya ƙare yana zaune gaban akushin yaqona, jiƙon saiwar da ake sha a taron dangi, ana miƙo masa ƙoƙo bayan ƙoƙo har harshensa ya mutu, ko ƙafa bai tsoma a teku ba. Ya daɗe yana juya maganar a ransa yayin da yake yankan nama a mahautar da yake aiki: wanda aka kwashe wa kaya yana dariya, kyauta ya yi ko fashi aka yi masa? Bai taɓa samun amsa ba. Abin da ya samu shi ne dabara. Ya gaya wa Narelle, tun suna neman aure, cewa danginsa duk sun koma tsibirin Kadavu, kuma harshen gida ya yi tsatsa a bakinsa.

Gaskiyar kuwa, Gwaggo Vasemaca, ƙanwar ubansa da ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, tana nan Raiwaqa, tafiyar da ba ta kai a gama cin rogo ɗaya a bas ba. Jirgin zai tashi da la'asar. Buƙatar Peniasi guda ce: ya ga garinsu yadda Turawa ke ganinsa, ya koma jirgi ba wanda ya gane shi.

Suka sauka cikin yayyafin da Suva ba ta rabuwa da shi. Masu badujala na busa, direbobin tasi na kira, mata masu kitso na jan hannun 'yan mata. Fasinjoji suka bazu da jajayen fuskoki da gajerun wanduna, kowa na neman abin da zai ɗauka hoto.

"Bula, babban yaya! Bula, madam! Daga ina?"

Peniasi ya gane muryar mai gaisuwar kafin ya ga fuskar. Masu takobin katako aikinsu ɗaya ne a bakin tashar nan: su kama hannunka da gaisuwa su ƙi saki, su tambayi sunanka, kafin ka rufe baki wuƙa ta fara sassaƙa shi a jikin takobi, shi ke nan ya zama naka, sai biya. Wanda ya riƙe hannunsa yanzu kuwa Ilaitia ne, ɗan Gwaggo Vasemaca, taubashinsa. Shi ne wancan karon ya roƙi shi kansa akwatin bayan an kwashe abin da ke ciki. Ya yi ƙiba, furfura ta fito masa, giɓin haƙorinsa na nan.

Ilaitia ya leƙa cikin baƙin tabaran, ya ɗan jima.

"Sunan fa, yallaɓai?" ya tambaya da Turanci.

"Ben."

"Ben," in ji Ilaitia, kamar mai ɗanɗana miya. "Madalla. Gajere, ba ya cin wuƙa. Wasu sunayen sai hannu ya gaji."

Wuƙa ta shiga aiki, ɓawon katako na zuba a kan silifas ɗin Peniasi. Narelle ta tafa, ta buɗe jaka ta biya ba ciniki.

"Mijina ma ɗan garin nan ne!" ta ce. "Sai dai danginsa duk sun koma Kadavu."

"Kadavu! Allah sarki. Duka?"

"Duka," in ji Narelle.

"Har da tsofaffin? Kai, sun yi ƙoƙari, da ciwon gwiwa da komai." Ya dafa ƙirji. "To madam, ba a barin maraya ya yi yawo shi kaɗai a Suva. Yau ni ne danginku. Zan zaga da ku gari, ko sisi ba na so."

Peniasi ya ce ba sai an wahalar da bawan Allah ba. Narelle ta ce wannan shi ne ainihin abin da take nema, mutumin gari na gaske. Suka kama hanya. Peniasi na biye da takobi a hannu, yana lallashin kansa cewa shekaru sun yi yawa, ya ƙara jiki, malafar ta rufe rabin fuskarsa, wataƙila wawan bai gane ba.

Ilaitia ya nuna musu duk abin da ake nuna wa baƙi. Ya kai su gindin hasumiyar agogo suka yi hoto. Ya kai su gidan tarihi, inda Narelle ta daɗe gaban cokulan katako masu yatsu waɗanda aka ce da su kakanni ke cin abokan gaba.

"Da gaske kuna cin mutane?" ta tambaya a hankali.

"Mun daina, madam. Yanzu sai dai mu ci kayansu. Wasu har sun fi jin zafin wannan." Ya juya. "Ko ba haka ba, Mista Ben?"

Peniasi ya duƙufa karanta rubutun da ke jikin wani kwalekwale.

Da suka fito bakin babban filin ƙwallo, inda samari ke zari-ruga cikin taɓo, Ilaitia ya tsaya, ya sunkuyar da kai.

"Nan nakan tuna wani taubashina. Marigayi."

"Ayya," in ji Narelle. "Ɗan wasa ne?"

"Ɗan gudu dai. In ya ga ƙato ya nufo shi, sai ya jefar da ƙwallo ya yi ta kansa. Wata rana a daidai wancan turken aka danne shi, ya tashi wandonsa sharkaf, ya ce wai ruwan sama ne. Madam, ranar ce kaɗai a shekarar ba a yi ruwa a Suva ba."

Narelle ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta tuna mamaci ne, ta kama baki. "Me ya kashe shi?"

"Sanyin ƙasar waje. Daga hannu ya fara. Hannun ya dunƙule ya ƙi buɗuwa. Daga nan ya hau kunne, ya daina jin waya. Ƙarshe ya kama harshe."

"Kai, wannan kamar shanyewar jiki. Ai da an kai shi asibiti da wuri."

"Ba mu sani ba sai yau-yau ɗin nan, madam."

Tsakanin taubasai, zagi abinci ne, kuma wanda aka zuba wa dole ya rama. Martani ya taru a bakin Peniasi. Ƙarya ce, ba shi ya jiƙa wando ba. Kuma da Narelle ta tambayi giɓin, Ilaitia ya ce wani babban kifi ne ya make shi da wutsiya a tsakiyar teku, alhali duk Raiwaqa ta san wata bazawara ce ta jefe shi da kwakwa ta taga. Peniasi na da wannan labarin a kan harshe, da sunan bazawarar, da abin da ta faɗa. Amma Ben bai san kowa a nan ba. Ya haɗiye, ya ce ƙishirwa yake ji.

Suka zauna a kan katangar bakin teku suna shan ruwan kwakwa. Ga tekun da ya yi shekaru yana mafarkin kallo ba tare da wani ya ja rigarsa ba. Ya kalla. Ruwa ne ruwan toka, da jiragen kamun kifi masu tsatsa, da leda na yawo. Ba wanda ya roƙe shi komai. Ya ajiye kwakwar bai shanye ba.

"Saura kasuwa," in ji Narelle. "An ce wanda bai ga kasuwa ba bai ga Suva ba."

Peniasi ya riga ya yi lissafinsa tun a Brisbane: Gwaggo ranar Asabar kaɗai take kai ƙaguwa kasuwa, yau kuwa tsakiyar mako. Duk da haka ya ce ƙafarsa na ciwo.

"Kusa ne, Mista Ben," in ji Ilaitia. "Ku zo ku ga tsohuwata. Da Asabar kawai take fitowa, amma tun da tsohona ya rasu bara, kullum tana nan."

Haka Peniasi ya ji mutuwar mutumin da ya koya masa iyo, da Turanci, tsakanin wani shagon yadi da mai sayar da gyaɗa. Narelle ta yi ta'aziyya. Shi ya gyara tabarau.

A wajen kasuwa mata na zaune a ƙasa layi-layi ƙarƙashin tamfol, da tulin gwaza da rogo da abarba a gabansu. Hanyar wucewa 'yar siririya ce. Turawan jirgi na ratsawa a miƙe, suna tsallake ƙafafun mutane. Peniasi ya shiga bayansu da niyyar yin yadda suke yi. Bai san lokacin da bayansa ya ranƙwafa ba, hannunsa ya sauka gaban gwiwa, bakinsa ya shiga faɗin abin da ake faɗa in za a gifta na zaune.

"Tulou. Tulou. Tulou."

Ba irin na baƙi ba, wanda ake koya musu a jirgi. Na Raiwaqa ne, ƙasa-ƙasa, rabi a hanci. Matan suka ɗago kai ɗaya bayan ɗaya. Wata mai abarba ta dakata da ferewa.

"Kun ji Mista Ben!" Ilaitia ya ɗaga murya da harshen gida. "Daga Brisbane. Danginsa duk suna Kadavu. A yi masa a hankali, maraya ne."

Dariya ta bi layin kamar wuta a busasshiyar ciyawa.

Gwaggo Vasemaca na zaune kan buhu a ƙarshen layi, da ƙaguwa ɗaure cikin igiyar ganye suna motsi a gabanta. Ta tsufa, ta ƙanƙance, gashinta fari fat. Ba fuskarsa ta fara duba ba. Ƙafarsa ta duba, babban yatsan da farcensa ya tsage tun yana yaro, wanda ita ta ɗaure da tsumma. Sannan ta ɗago a hankali: silifas, riga, takobi, tabarau, malafa. Yana tsaye a kanta da hula a ka da ido a rufe, abin da ko mahaukacin gidansu ba ya yi gaban babba. Hannunsa ya tashi zuwa malafar. Narelle ta ɗaga waya za ta yi hoto. Hannun ya sosa kunne ya koma.

"Bula, yallaɓai," in ji Gwaggo, da ɗan Turancinta na kasuwa. "Ƙaguwa? Mai rai."

Ya girgiza kai.

Ta juya wajen ɗanta, ta koma harshen gida, ba ta ko rage murya ba. "Tambayi matar, ba ta dafa masa gwaza ne? Wannan ƙibar ta burodi ce. Dubi wuyansa."

"Me ta ce?" in ji Narelle.

"Ta ce hularki ta yi kyau, madam."

Narelle ta taɓa hularta. A jirgi an yi musu bayani cewa a ƙasar nan in mutum ya yaba abinka, mutunci shi ne ka ba shi. Ta cire hular, sabuwa fil, mai jan ƙyalle, ta durƙusa har ƙasa cikin taɓo, ta miƙa da hannu biyu.

Matan layin suka zuba ido. Gwaggo ta karɓa, ta ajiye a cinya, ta yi tafin godiya da tafin hannu a lanƙwashe. Ta miƙa hannu wajen maƙwabciyarta ta ɗauko abarba mafi girma ta ɗora wa Narelle a hannu, ta shafa kumatunta.

"Wannan kam an yi mata tarbiyya," ta ce wa matan. "Ko 'yar gidan waye?"

Ba ta sake kallon Peniasi ba.

Sun iso ƙofar tasha jirgi ya riga ya yi ƙahon farko. Narelle ta rungume Ilaitia, ta wuce gaba da abarbarta tana gardama da mai gadi kan ko za a bar ta ta shiga da ita. Peniasi ya tsaya. Ya cire tabarau, ya cire malafa. Harshen da ya yi tsatsa ya fito sumul.

"Taubashi."

"A'a! Mista Ben ya iya yare!"

"Bar wasa, don Allah. Tun yaushe ka gane ni?"

"Tun kana kan matakala. Duk duniya wa ke tafiya kamar agwagwa mai basur in ba kai ba?"

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na tambaye ka sunanka. Ka faɗa. Na sassaƙa." Ilaitia ya goge wuƙarsa a cinya. Dariyar ta bar fuskarsa. "Ji nan. Kafin mu baro, tsohuwa ta raɗa mini saƙo. Matan can sun ji tulou ɗinka, kafin magariba duk Raiwaqa ta san ka zo. Ranar Lahadi a coci za a tambaye ta. Ta ce in roƙi wani abu a jikinka, ko mene ne, ta ajiye kan kabad. In an tambaya ta nuna ta ce ɗanta ya zo a gurguje, ga abin da taubashinsa ya ƙwace. Shi ke nan an rufa asiri."

Wani daɗi ya ratsa Peniasi wanda bai yi zato ba. Ya buɗe hannuwa. "Roƙa. Roƙi komai."

Ilaitia ya ja da baya, ya dube shi irin duban mai sayen akuya. Ya taɓa rigar, yatsansa ya faɗa cikin huda. Ya ɗaga tabaran, ya ga sunan jirgi a jiki. Ya dubi silifas ɗin da aka ɗaure igiyarsa da waya. Ya kamo hannun Peniasi ya juya shi: ga shatin agogo fari a fata, ga shatin zobe a yatsa.

"Kai, ka yi shiri," ya ce a hankali. "Ko ɓera ba ya ɓoye gyaɗa haka. Me zan kai mata? Wannan tsumman? Ta ce ɗanta bara yake yi a Brisbane?"

"Jira ni. Yanzu zan hau in ɗauko agogon. Mai tsada ne, taubashi, wallahi."

Mai gadin ƙofa, wanda ke sauraro ba kunya, ya ce wanda ya shiga yanzu ba ya sake fitowa.

"To bari in karɓo kuɗi wajen matata."

"Kuɗi baƙi ke bayarwa. Ka riga ka biya na takobi."

Peniasi ya dubi takobin, ya miƙa shi kamar wawa.

"Wannan na Ben ne," in ji Ilaitia. Ya dubi jirgin, ya dubi tashar bas da ke tsallaken titi. "Saura abu ɗaya a jikinka mai ɗan amfani. Kerekere, Peniasi: kwana ɗaya. Ga bas ɗin Raiwaqa can yana lodi. Ka kira matarka ka gaya mata Kadavu ta dawo Suva. Ka je ka zauna a ƙasa gaban tsohuwa ba hula, ka ga kabarin tsoho. Jirgin sama bai daina zuwa Brisbane ba."

An faɗi kalmar, da sunansa na gaskiya a haɗe. Tun da aka haife shi bai taɓa jin wanda aka ce wa kerekere ya ce a'a ba, bai ma san yadda ake faɗinsa ba. Ya ga kansa a cikin bas ɗin, tamfol na kaɗawa a taga. Ya ga kuma fuskar Narelle in ta ji cewa tsohuwar da ta durƙusa wa ita ta goya mijinta.

"Fasfona na cikin jirgi," ya ce. "Da maganin hawan jinina. Kuma Litinin ina da aiki. Ka gane ai. Kirsimeti zan zo, da kaya sosai, na rantse."

Ƙaho na biyu ya tashi. Narelle na ɗaga masa hannu daga matakala, an ƙwace abarbar.

Ilaitia ya karɓi malafar daga hannunsa, ya kaɗe ta, ya ɗora masa a ka, ya gyara mata zama. Ya koma Turanci, da faffaɗan murmushin bakin tasha.

"Allah ya kiyaye hanya, Mista Ben. A gaida mutanen Kadavu."

Peniasi ya hau matakala da gudu, ya faɗa ɗaki, ya durƙusa ya jawo takalmin. Kafin ya fito saman jirgi da safar a hannu, an kwance igiyoyi, ruwa ya shiga tsakaninsu da gaɓa. Can ƙasa ya hango Ilaitia ya saɓa buhun takubbansa yana tsallaka titi, bai waiwayo ba.

Narelle ta zo ta jingina da kafaɗarsa, tana juya takobin, tana cewa a falo za su rataye shi, saman talabijin.

"Ka san abin da ya fi burge ni, Ben? Mutanen nan ba su da komai, amma yini guda ba wanda ya roƙe mu ko tsinke." Ta dubi hannunsa. "Me kake yi da safa?"